Wendell Krogstad ya harbi itace

Shekara goma sha ɗaya Wendell Krogstad yana jefa sunansa a ƙuri'ar hukumar gandun daji, sai a ta sha biyu ya dace. Aka ba shi izinin harbin bijimin elk guda ɗaya, wata dabbar daji dangin barewa mai girman saniya, a duwatsun da ke bayan garinsu a jihar Montana ta Amurka. Ya karanta takardar sau uku a tsaye, sannan ya ɗauko tsohuwar bindigar mahaifinsa, ya ƙare mata kallo kamar ya kama ta da sata.

"Wannan ba za ta iya ba," in ji shi.

Matarsa Loretta tana feraye dankali. Ta ce, "Shekara talatin tana cika mana firiji da naman barewa. Yau ne ta manta aikinta?"

"Barewa daban, elk daban. Ke dai ba ki san kan abin ba."

Wendell mai gyaran famfo ne, amma daga ranar ya zama shehin malami a fannin harsashi. Irin harsashin da ake kira Magnum yake so, mai cin albarushi da yawa, mai gudun da zai kai yadi ɗari shida bai sunkuya ba. Teburin cin abinci ya cika da mujallun mafarauta. Yau ya ce mai milimita bakwai ya fi, gobe ya ce a'a, mai lamba ɗari uku ne sarki. Ko famfon wata tsohuwa ya je gyarawa, sai ta sha karatu a kan yadda iska ke karkatar da harsashi, ruwa kuwa yana nan yana ɗiga.

Merle, ƙanin Loretta, direban motar katako ne, ya kuma kashe elk sun fi goma da wata bindiga da aka ɗaure bayanta da salatif. Wata Lahadi ya zo cin abinci, ya saurari wa'azin har ƙarshe.

"Mijin yaya, harsashin nan naka yana hawa dutse?"

"Kamar yaya?"

"Na ga tumbin ne. Da ka riƙa zaga gari da ƙafa kullum safe, da ya fi maka wannan boko."

Wendell ya yi masa kallon tausayi, irin wanda mai ilimi ke yi wa jahili. Bayan wata uku ya sayi harsashi mafi gudu a cikinsu, da bindiga mai dogon hanci, da madubin saiti wanda za ka ƙirga gashin idon ƙuda da shi daga wata unguwa.

A filin gwaji, harbin farko bindigar ta yi shuri da baya, madubin ya sare shi a gira. Ɗinki shida aka yi masa. Loretta ta duba ta ce, "To, madalla, ka fara zubar da jini. Saura na elk." Tun daga nan, duk sa'ad da Wendell zai ja kunama, sai idanunsa su rufe da kansu. Bai faɗa wa kowa ba.

Aka buɗe farauta a watan Oktoba, dusar ƙanƙara ta kai ƙwauri. Merle yana gaba, Wendell yana baya yana haki, bindigar ta zame masa gungume a kafaɗa. Sau biyar yana tsayawa wai zai duba iska. Da hantsi suka shiga wani kurmi, sai Merle ya daskare, ya ɗaga yatsa.

Ga bijimin nan tsaye, ƙahonsa kamar rassan bishiya, tururi na fita daga hancinsa. Tsakaninsu da shi bai wuce taku talatin ba. Ko dutse ka jefa sai ka same shi.

Wendell ya ɗaga bindiga ya leƙa madubi. Madubin da ya saita don yadi ɗari shida bai nuna masa komai ba sai launin ƙasa-ƙasa, ya cika ido fal. Gashi ne ko ɓawon itace, oho. Ya runtse ido ya ja.

Dutsen duka ya amsa. Ƙanƙarar da ke kan rassa ta zubo masa a wuya. Da ya buɗe ido, bijimin ya juya, ya yi tsalle biyu, kurmi ya haɗiye shi.

Merle ya taka a hankali zuwa wata bishiya da ke gefe, ya cusa yatsa a ramin da ke jikinta, ya zaga ya duba bayanta.

"Kai, mijin yaya, gaskiyarka! Ya shiga ya fita, ko gezau. Kuma dubi, ko motsi ba ta ƙara yi ba."

Wendell ya zauna a kan wani kututture. Bai taɓa ganin halitta mai kwarjini haka kusa da shi ba, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne bai ƙara ko daƙiƙa ɗaya yana kallonta ba.

Washegari kafaɗa ta kumbura, gwiwoyi suka ƙi lanƙwasuwa. Sau biyu ya sake hawa dutsen kafin wa'adin izinin ya ƙare, bai ga ko kashin elk mai ɗumi ba. Merle kuwa ya koma da zarto, ya yanko guntun itacen mai rami, ya goge shi da mai, ya kai wa yayarsa a faranti.

"Yaya, ga rabonku. Sai dai ki daɗe kina dafawa, tsoho ne."

Loretta ta juya shi a hannu, ta ce ya fi ƙarfin tukunyarta. Ta ajiye shi a bakin taga, ta aiki mijinta kanti ya sayo kaza.