Taya ta Biyar

Zaituna ta sayi mota. Ta kawo ta Fagge da hantsi, ta tsaya a ƙofar gidan mahaifinta, ta danna hon har tattabarun maƙwabta suka tashi.

Malam Abdulgani ya fito da sandarsa. Tsohon direban babbar mota ne. Ya bi hanyar gabas tun tana burji, sai da ciwon baya ya hana shi zama sannan ya ajiye sitiyari. Ya zagaya motar yana dubawa. Doguwa ce mai faɗin baya, irin wadda ake ce wa wagon, launin toka.

"Baba, da ƙafa huɗu take ja!" in ji Zaituna, baki ya ƙi rufuwa. "Kolori za mu. Ni da kaina zan kai ka wurin Gwaggo."

Gwaggon ita ce Sharifa, yayar Abdulgani, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana Kolori, can bayan Nguru, inda kwalta take ƙarewa yashi ya karɓa. Tana kwance ba lafiya, ta aiko cewa tana son ganin ƙaninta. Bayansa ba ya jure motar haya. Damina kuma ta matso. In ruwa ya sauka fadama za ta cika, hanya ta yanke sai kaka, kuma babu mai tabbacin Sharifa za ta kai kaka.

Tsohon ya sunkuya da ƙyar, ya dafa tayar gaba, ya matsa gefenta da babban yatsa. Ta lotsa.

"Mota ta yi," ya ce. "Takalminta na zuwa biki ne. Ƙaya ɗaya za ta zaunar da mu a daji. Buɗe min ƙofa, mu je Sabon Gari."

Rabonsa da ya ce a je wani wuri har Zaituna ta manta. Ta ruga ta buɗe.

Shagon Onyekachi yana bayan kasuwa, a layin masu taya. A Sabon Gari aka haife shi, kuma ubansa ne yake sayar wa Abdulgani taya a da. Da ya hango su ya taso yana tafi.

"Baba Direba! Ashe kana raye? Na ɗauka ka tsere ne don kar ka ga na fi ka tumbi."

"Tumbin ubanka ya fi naka, kuma shi bai cika surutu ba. Fito da kaya."

"Wace hanya?"

"Kwalta har Nguru. Daga nan yashi da ƙaya."

Onyekachi ya shiga ciki ya garo taya uku, ya jera. Ta farko sumul, tana sheƙi. Abdulgani ya shafa ya shinshina yatsunsa.

"Man goge takalmi ka shafa mata?"

"Kwalliya ce, Baba."

"Kai wa ango."

Ta biyu ƙatuwa ce mai manyan haƙora kamar ta tarakta. Zaituna ta yi tsalle.

"Wannan! Baba, dubi haƙoranta, wallahi dutse ma za ta hau!"

"Ta taɓo ce. A kan kwalta kuka za ta yi mana tun daga Gezawa har kunnenki ya toshe, ta shanye miki mai. A yashi kuma rami za ta haƙa ta binne kanta. Ture."

Ta uku ba ta da kyan gani. Zanenta mai zurfi ne amma a haɗe, ya gangaro har gefe. Abdulgani ya sa aka kwantar da ita, ya ɗora gwiwa a gefen ya danna da duk nauyinsa. Ba ta lotsa ba. Ya karɓi ƙarfe ya buga ya kasa kunne. Ya sa Zaituna ta duba masa shekarar da aka yi ta, don taya tana tsufa ko ba a taɓa hawa ba. Ta bana ce.

Fuskar tsohon ta saki.

"Ita ce."

"Ka gani ko!" Onyekachi ya daki cinya. "Masu haƙar rijiya ita suke sawa, har Nijar. Biyu zan sa a gaba, kamar yadda aka saba?"

"Huɗu," Zaituna ta ce. "Wanda ya sayar min ya ja min kunne. Duk ƙafafun tare suke ja, in wata ta fi wata girma giyar ce za ta ci kanta."

Abdulgani ya dube ta, ya gyaɗa kai sau ɗaya. A wurinsa wannan babban yabo ne.

Ana cikin kwance tsofaffin sai ya ce a ɗaga masa shimfiɗar but ya ga safaya. Aka ɗaga. Wata 'yar siririya ce a kwance a raminta, kamar ta babur.

"Wannan fa?"

"Haka suke zuwa yanzu, Baba," in ji Onyekachi. "Ta kai ka wurin mai faci ce kawai."

"Daga Nguru zuwa Kolori wane mai faci? Raƙumi? Ba zan shiga yashi da faifai ba. Nemo ta biyar. Irin waɗannan, ba ƙanwarsu ba."

Huɗu ne kaɗai a shagon. Onyekachi ya hau waya yana Igbo yana Hausa, ya leƙa shagunan layin, ya dawo hannu biyu. Can ya tuna da wani ɗan garinsu a Titin Ibrahim Taiwo, ya hau babur ya ɓace. Zaituna ta kasa zama, tana kai tana kawowa. Da ya dawo da tayar a rataye a wuyansa, da rim na hannu a kan tanki, sai ta saki guɗa a tsakiyar layin masu taya, har masu facin suka tafa mata.

Tayar ta ƙi shiga ramin safaya. An juya ta, an danna, ta ƙi.

"Kwantar da ita a but," Abdulgani ya ce.

Zaituna ta ce, "Za ta cinye rabin wurin kaya fa. Ga rufin gilashi ne, ba a ɗaura komai a sama."

"Ta cinye."

A hanyar komawa ya sa Zaituna ta ratse wani fili bayan tashar jirgin ƙasa, inda masu tifa suke juye yashi. Nan ya sauka daga jirgin Nguru yana saurayi, da tabarma a kafaɗa.

"Shiga. Kar ki taka da ƙarfi, kar kuma ki tsaya."

Ta shiga tana salati. Motar ta ɗan nutse, ta yi gurnani, ta haye ta fita ta ɗaya gefen.

"Baba! Ka gani? Ka gani?"

"Sake."

Ta sake. Tsohon yana riƙe da sandarsa a tsakanin gwiwoyi, yana dariya ba sauti, kafaɗunsa suna rawa.

Kafin la'asar duk unguwa ta ji cewa Abdulgani zai yi gabas. A wannan layin na Fagge kowa tushensa can ne, kuma abin da aka gada shi ne mai tafiya gida ba ya ƙin saƙo. Abdulgani ya fi kowa riƙo da wannan. Duk zamanin da ya yi yana tuƙi bai taɓa mayar da ƙullin kowa ba, kuma yakan faɗa a majalisa ko ba a tambaye shi ba.

Saƙo ya fara zuwa. Atamfa, takalman yara, maganin hawan jini, sukari, rediyo, kwalin taliya, wata tukunya da aka cusa wa sabulu. Shi ya zauna a kan benci yana nuni da sanda, Zaituna tana shiryawa. Ƙanana suka shiga cikin ramin rim ɗin tayar. Masu laushi suka bi gefe. Kujerar baya rabi kaya, rabi an bar masa inda zai miƙe bayansa. Aka rufe but da ƙyar, mutum biyu suna dannawa.

Washegari da safe mutane suka cika ƙofar gida. Abdulgani ya fito cikin farar riga da hular da ba ya sawa sai Idi. Gabas ta yi duhu kaɗan, iska tana kawo ƙamshin ƙasa. Liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a ke nan sai ga a-daidaita-sahu ta tsaya.

Hajiya Jawahir ta sauko. Yayar marigayiya matar Abdulgani ce, ita ta yi wa Zaituna wankan jariri, ita ta riƙe ta bayan rasuwar uwar. A layin nan babu mai yi mata musu. Direban ya sauko da keken ɗinki, da teburinsa da ƙafafunsa na ƙarfe.

"Na jikata ce da ke Kolori," ta ce. "Ta gama koyo tun bara tana jira. Zaituna, buɗe bayan."

Zaituna ta buɗe. Kaya har sama. Hajiya ta leƙa, ta ɗaga wata atamfa, ta ga baƙar roba a ƙasa.

"Wannan mene ne?"

"Safaya ce, Inna."

"Ba jiya aka ce kun sa sababbi huɗu ba? Garin nan duk an ji. To ta biyar ta mece ce, ko cin ta za ku yi a hanya? Ku fitar da ita, kekena ya shiga daidai."

Aka yi dariya. Wani ya ce gaskiya ne, sabuwar taya ba ta faci. Wani ya ce ai ga 'yar ƙaramar nan a ƙasa in ta kama. Zaituna ta sunkuyar da kai, ta fara janye kayan da ke kan tayar a hankali. Ba za ta iya buɗe baki a gaban Inna ba.

Abdulgani ya sa sandarsa a kan hannun Zaituna. Ta tsaya.

"Hajiya, a cire kan keken, in rungume shi a cinyata har Kolori. Teburin ya biyo motar kasuwa."

"Motar kasuwa? Ta karya min shi kamar na wancan karon? Tare za su tafi." Ta gyara mayafi ta juyo gare shi sosai. "Abdulgani, kai ne fa. Kai ne kake cika mana kunne cewa ba ka taɓa mayar da saƙo ba. Yau a kaina za ka fara? A gaban mutane? Saboda roba?"

Liman ya sauke hannunsa. Abdulgani ya san abin da za a faɗa a majalisa in ya juya baya, kuma ya san Hajiya ba ta mantuwa. Ya dubi keken. Ya dubi gabas, inda hadarin ya ƙara haɗuwa. Ya san wani gangare bayan Nguru da ƙayar aduwa take kwance a ƙarƙashin yashi, inda in taya ta fashe sai a kwana biyu ba a ga mota ba.

Ya mayar da atamfar kan tayar da hannunsa, ya kama murfin but ɗin.

"Hajiya, Sharifa tana jirana. Tayar nan ba za ta sauka ba."