Hayaniyar da Kamfani Ya Goge

Baba ba ya cin abinci sai matarsa ta kira shi, matar kuwa ta daɗe a kabari. Matsalar gidan ke nan, kuma Auta ce ke ɗauke da ita, ita kaɗai, a ɗaki da falo na saman wani tsohon bene da ke kallon titi.

Tun da ƙwaƙwalwar Baba ta fara yoyo, abubuwa suke ta zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ya manta tuƙin babbar motar da ya ƙare ƙuruciyarsa a cikinta. Ya manta ƙofar banɗaki. Ya manta Yaya, babban ɗansa, wanda in ya zo hutu daga garin da yake aiki sai Baba ya miƙa masa hannu da ladabi, ya tambaye shi ko daga ofishin wuta aka turo shi. Abu biyu kawai suka ƙi zubewa. Na farko fuskar Auta, don ko daga barci ya farka ya gan ta, sai ya ce, "Autata, kin dawo?" Na biyu kiran Mama. Duk wanda ya ajiye masa faranti, ko waye shi, Baba zai ture shi gefe da bayan hannu ya ce, "Bari Manaja ta kira." Manaja yake ce wa matarsa tun suna da sauran ƙarfi, wai don ita ke ba da oda a gidan shi kuma yana sa hannu.

Abin da ya cece su wani tsohon kaset ne. A zamanin da Auta ke goye, Baba ya taɓa kara rikoda a bakin rediyo don ya ɗauki wata waƙa da ake yayi. Rikodar ba ta san waƙa daban ɗaki daban ba, duk abin da ta ji sai ta haɗiye. Saboda haka wajen ƙarshen waƙar, daidai inda mawaƙin ke jan numfashi, sai a ji ƙarar faranti, sannan muryar Mama daga kicin: "Kai dai da rediyon nan. Kashe ka zo ka ci, zai huce." Sai Baba ya ce, "Shsh, ɗauka nake yi." Sai Mama ta yi dariya, irin dariyarta mai fita ta hanci.

Yaya ne ya kwashe kaset-kaset ɗin gidan ya loda su a wata manhajar ajiye waƙoƙi, irin wadda mutum ke zuba nasa a ciki ya riƙa saurare ta waya duk inda yake. Ranar da suka tashi daga tsohon gida aka tarar ruwa ya shiga kwalin kaset ɗin, duk sun yi funfuna. Auta ta tsaya tana jujjuya su a hannu, Yaya ya ce, "Ke, zubar. Suna can a sama, ko gobara aka yi ba abin da zai taɓa su." Ta zubar.

Daga nan tsarin ya zauna. Da rana ta yi tsaka Auta za ta rufe keken ɗinkinta a shagon da ke tsallaken titi, ta hau bene, ta ɗumama abinci, ta ajiye ƙaramar sifika a kan firij, ta danna waƙar. Baba zai zauna a kujerarsa ta bakin taga yana kaɗa ƙafa. Faranti zai yi ƙara, Mama ta yi kira, Baba ya ɗaga yatsa ya ce "Shsh" tare da muryarsa ta cikin kaset, sannan ya miƙe ya zo tebur. In ya tambayi ina Manaja, Auta ta ce tana wanke-wanke. Da safe haka, da yamma haka. Ƙarya ce, Auta ta sani, amma ƙaryar ce ke riƙe da ran ubanta.

Shi kuwa kamfanin manhajar, Allah ya yi shi da rashin zama wuri ɗaya. Yau ya canza launi, gobe ya ɗauke maɓalli daga ƙasa ya kai sama, jibi ya aiko da albishir wai ya ƙaro abin da ba wanda ya roƙa. Kowane saƙo da maɓallin amincewa a gindinsa, kuma sai an danna yake barin mutum ya wuce. Auta ta saba dannawa kamar yadda ake korar ƙuda.

Ranar da abin ya faru tana durƙushe gaban wata mai kawo ɗinki, bakinta cike da fil, tana kama ƙasan riga. Matar sai mita take yi wai an matse mata hammata. Wayar ta yi ƙara a kan tebur, Auta ta miƙa hannu ta leƙa ko Yaya ne. Dogon rubutu ta gani da hoton tauraro. Ta danna, ta koma kan riga.

Da rana ta kunna waƙar, tun daga kiɗan farko ta ji wani abu ya canza. Sautin ya fito tas, babu shuuu ɗin kaset, babu ƙugin rediyo. Baba ma ya ji daɗi, har da tafi a gwiwa. Mawaƙin ya zo inda yake jan numfashi, ya ja, ya ci gaba. Babu faranti. Babu kowa a kicin. Baba ya riga ya ɗaga yatsa, bakinsa a shirye, sai ya tsaya da yatsan a sama har waƙar ta ƙare.

"Ba ta gama ba ne?" ya ce.

"Ta kusa, Baba."

Ta sake kunnawa. Ta kashe wayar ta kunna, ta sake. Ta nemo saƙon da ta danna, ta karanta shi a tsaye jikin firij. Kamfani yana farin cikin sanar da masu hulɗa da shi cewa duk tsohuwar waƙar da aka loda mai hayaniya, in yana da irinta a rumbunsa, zai musanya ta da mai tsabta, kyauta. Hayaniya. Abin da suka kira uwarta ke nan.

Baba bai ci ba ranar. Washegari ya kurɓi shayi ya ture sauran. Auta ta yi lallashi, ta yi wasa da cokali kamar ana ba yaro, ta yi faɗa har ta ji kunyar kanta. Shi dai ya dube ta da tausayi ya ce, "Autata, ai ba a riga uwar gida. Ci naki." Wannan tausayin nasa ya fi komai ƙona mata rai.

Ta kira Yaya. Ya ce kwamfutar da ya yi aikin da ita ta mutu tuntuni, ya ba 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ya ce, "Ke ma ba kya karanta abu kafin ki danna?" Ta ce, "Kai ka ce in zubar." Daga nan ba wanda ya ƙara wata magana mai amfani.

Ta kai wayar wurin mai gyara da ke ƙarƙashin benensu, cikin rumfarsa mai warin dalma. Ya buɗe nan ya buɗe can, ya cire tabarau ya ce, "'Yar'uwa, ba a wayarki take ba, dama can ba ta taɓa zama a ciki ba. Tana wurinsu, ke leƙe kawai kike yi. In sun canza, sun canza."

Ta rubuta wa kamfanin. Amsa ta dawo kafin ta ajiye wayar, wadda ko makaho ya san ba mutum ne ya rubuta ba: suna murna da jin cewa tana jin daɗin sabon ingancin sauti. Ta sake rubutawa, ta yi bayanin faranti da dariya da tsohon da ya ƙi cin abinci, tana gogar hawaye da ƙyallen ɗinkin mutane. Anti, mai shagon da take ɗinki, ta gan ta, ta ɗauke mata aikin da ke gabanta. Sai da aka kwana biyu wani mai rai ya amsa. Ya ce ya karanta, kuma ya yi baƙin ciki ƙwarai. Ya ce da zarar an amince, ana goge tsohon don a samu wuri, kuma ya duba da kansa, babu. Ya ce zai kai maganar gaba don a gyara tsarin nan gaba. Auta ta yarda da gaske yake, amma nan gaba ba ta da wani amfani a wurinta.

Kafin nan wandon Baba ya fara zamewa daga ƙugunsa. Leɓɓansa sun tsage, in ya miƙe sai ya dafa bango. Ba ya ƙorafi. Zama kawai yake yi a bakin taga, kunnensa a karkace wajen kicin. Wani lokaci ya ce, "Ko na yi mata laifi ne?" Auta ta shige banɗaki ta buɗe famfo don kada ya ji ta.

Likitar da ke duba shi ta ja fatar bayan hannunsa ta sake, fatar ta tsaya a tsaye. Ta ce in bai fara ci ba, sai dai a kwantar da shi a zura masa roba ta hanci. Ta ce masu irin ciwonsa sukan fizge robar, don haka akan ɗaure musu hannu a jikin gado. Ta faɗa a hankali, tana kallon takardar gabanta. Auta ta dubi hannun Baba, hannun da ya saba riƙe sitiyari.

A hanyar dawowa daga asibiti ne maganar Anti ta faɗo mata. Anti ta san Mama, kuma ta sha cewa in Auta na magana daga bayan labule sai gabanta ya faɗi, don muryar sak ta Mama. Auta ba ta taɓa son jin haka ba. Yau ma ba ta so, amma ta hau bene da maganar a ranta.

Ta zaunar da Baba a kujerarsa. Ta dafa shinkafa ta yi laushi sosai, ta zuba a farantin tangaran, ta kunna waƙar kamfani mai tsabta, ta ja labulen kicin ta tsaya a bayansa. Ta san wurin kamar yadda ta san tafin hannunta. Mawaƙin ya ja numfashi. Ta buga cokali a gefen faranti, ta buɗe baki.

"Kai dai da rediyon nan. Kashe ka zo ka ci, zai huce."

Ita kanta sai da tsikar jikinta ta tashi. Falon ya yi tsit, in ban da kiɗa. Can ta ji muryarsa, a dashe, amma da wata fara'a da ta kwana biyu ba ta ji ba.

"Shsh, ɗauka nake yi."

Saura dariya. Ba ta yi tunanin dariyar ba sai yanzu. Ta matse idonta, ta turo ta ta hanci, abin da ya fito rabinsa kuka ne, amma ya wadatar. Ta ji ƙarar kujera, ta ji tafiyarsa yana dafa bango har tebur.

Ta goge fuska ta fito da faranti, ta ajiye a gabansa kamar kullum, tana shirin cewa Mama na wanke-wanke. Baba ya ɗauki cokali ya kai baki. Ya tauna, ya haɗiye, ya sake ɗiba. Auta ta tsaya gefensa tana kallo. Sai ya ɗago ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, fuskarsa ta saki.

"Manaja," ya ce. "Kin daɗe a kicin ɗin nan."

Ta jira ya gyara. Ta matso inda haske ke faɗowa daga taga don ya ga fuskarta da kyau, fuskar da ko Yaya ya ɓace masa ita ba ta ɓace ba. Ya gan ta sarai, ya yi mata murmushin da bai taɓa yi wa 'yarsa ba. Ta buɗe baki za ta ce, Baba, ni ce. Cokalin na tsakanin faranti da bakinsa, ya tsaya yana jiran abin da za ta faɗa. Ta san in ta faɗa zai ajiye shi, ya koma bakin taga ya karkata kunne.

"Ci mana," ta ce, da muryar da ba tata ba. "Ka tsaya kallona."

Ya yi 'yar dariya ya ci gaba. Ya ci fiye da rabi, ya sha ruwa, ya yi gyatsa ya ba da haƙuri. Sannan ya waiga wajen ƙofa, ya waiga wajen ɗaki.

"Ina Auta? Ban ji motsinta ba."

"Tana shago."

"Ki ajiye mata nata," ya ce, yana tura sauran shinkafar gefen faranti da cokali. "Yarinyar nan ba ta cin abin kirki. Duk ta ƙare a kaina, kuma ba ta faɗa. Ki riƙa lura da ita."

Auta ta ɗauki farantin da hannu biyu don kada ya faɗi.

"Zan ajiye mata," ta ce.