Ranar da Littafin Dangwale Ya Fita daga Zaure

"Inna Barira, ko kunu ya ƙi sha. Sai kiran Baffa Ja'afaru yake yi."

Jannatu ce ta leƙo ta kan katanga ta faɗa mini haka, ina tsakar tankaɗe. Na ajiye rariya na zagaya. Ubanta, Malam Ishiyaku tela, maƙwabcina ne shekara talatin da ɗoriya a nan Kibiya. Tun da aka sallamo shi daga asibiti aka ce a koma gida a ci gaba da addu'a, kowa ya gane abin da ake nufi. Shi ya ce a shimfiɗa masa a zaure, kusa da keken ɗinkinsa. Na tarar da shi kwance, kansa a kan matashi, littafin nan kuma a ƙarƙashin matashin.

Tun ina amarya ake maganar a yanki kudancin Kano a yi mana jiharmu, Rano ta zama babban birni. Zaɓe na matsowa maganar ta tashi, ana gamawa ta kwanta. A wurin Malam kam ba ta taɓa kwanciya ba. Ya sayi ƙaton littafi da tawada, yana bin Tarai da Durba da Unguwar Gai a kan keke, mutane suna dangwala masa yatsa, shaidar suna son sabuwar jiha. Ni kaina sau uku na dangwala, ba don na gane ba, don dai ya bar ni in yi aikina.

Malam Ja'afaru kuwa Bafillace ne, rugarsa tana bayan Durba, amininsa tun suna samari. A gaban liman suka yi alkawari cewa duk wanda ya riga mutuwa, ɗayan ne zai yi masa wanka. Shekara shida da suka wuce, ranar kasuwa, Malam ya buɗe masa littafi, shi kuma ya ƙi.

"'Ya'yana biyu suna kiwo can arewa da mu," in ji shi. "Ku ja layinku, in zama baƙo a wurin jikokina? Masu neman kujera ne ke son wannan, ba shanu ba."

Malam, da wasan nan nasa mara kai, ya cafke babban yatsan mutumin ya danna a tawada ya manna a takarda. Kasuwa ta kwashe da dariya. Ja'afaru ya goge yatsan a rigarsa, ya rantse ba zai sake taka zauren Ishiyaku ba muddin littafin nan yana ciki. Daga ranar ko gaisuwar salla ba su sake yi ba.

Na durƙusa daga bakin tabarma na ce, "Malam, sau biyu aka aika masa. Ya ce rantsuwa ya yi."

"To ya yi kaffara mana. Ba shi da shanu ne?"

"Kai kuma kana da littafi. Ba ni shi."

Ya runtse ido. "Amanar mutane ce, Barira. Ranar da za a nema..."

"In ka mutu, masu dangwalen ne za su zo su yi maka wanka?"

Jannatu ta dafe ƙirji. Na sani, ba haka ake magana da mara lafiya ba, amma tsoro ne ya cika ni, kada mutumin nan ya tafi da wannan abu a wuyansa saboda takarda. Can sai Malam ya ɗaga kansa kaɗan daga matashi. Na zare littafin na naɗe a mayafina.

Acaba ya sauke ni a Durba, sauran na taka da ƙafa ta cikin gonakin dawa, gwiwata tana ta ƙara. Na samu Ja'afaru a gindin tsamiya yana tufkar igiya, matarsa Dije tana wanke ƙwarya. Bayan gaisuwa na dire littafin a gabansa.

"Malam Ja'afaru, ga abokin gabarka na kawo maka. Ya fita daga zaure. Saura kai."

Ya dube shi kamar an ajiye masa maciji. "Shi ya ba ki?"

"Da kansa ya ɗaga mini."

"Ina nawa yatsan?"

Ni ina na sani? Muka yi ta buɗawa, shafi bayan shafi, yatsu kamar kashin awaki. Shi ya gane wurin, don tawadar ta goge gefe inda ya fizge hannu. An ja layi biyu a kan dangwalen, a ƙasa kuma akwai rubutun ajami. Ya kai shi kusa da ido ya karanta a hankali: "Wannan ba da yardarsa ba ne. Kada a ƙirga."

Rubutun har ya koɗe. Ba na jiya ba ne, ba na bara ba.

"Me ya hana shi faɗa mini?"

"Abin da ya hana ka tambaya," na ce.

Ya miƙa wa Dije littafin ya ce ta rataye shi a ɗaki inda gara ba za ta kai ba. Ya ɗauki sandarsa da ɗan goran nono.

Ana kiran la'asar muka iso. Ya tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama, ya cire takalmi, ya shiga da ƙafar dama.

"Kaɗo, ka rame."

"Bafillace, ka makara."

"Jihar taku ta samu?"

"Tana hanya," in ji Malam, yana dariya yana tari. Da tarin ya lafa ya kamo hannun Ja'afaru. "Ka yafe mini yatsan nan."

"Na yafe tun..." Ya tsaya. "A'a, kada in yi maka ƙarya. Yau na yafe."

Malam ya sha nono rabin kofi daga hannunsa. Jannatu ta fita tsakar gida tana kuka tana cewa alhamdu lillahi.

Kwana biyu Ja'afaru ya yi a zauren, shi ke juya shi, shi ke kama masa alwala. Ranar Alhamis da hantsi Malam ya cika, kalmar shahada a bakinsa. Na yi kuka, shekara talatin ba wasa ba ce, amma zuciyata wasai take, ba zan ɓoye ba.

Aka kafa zana a tsakar gidansu, jikin katangata. Gidan ya cika da mata, sai na janye Jannatu zuwa nawa, muka zauna a gindin katangar. Daga nan muna jin ruwa yana zuba a hankali, ya tsaya, ya sake zuba. A tsakani kuma muryar Ja'afaru ce ƙasa-ƙasa.

"Sannu, Ishiyaku. Saura hannun hagu."