Ranar da Firmina Ta Hau Dandamali

"Miƙo hannun mana, ba za ta cije ki ba. Gwangwani ce."

Firmina ta miƙa hannuwanta biyu, Seu Anacleto ya zura mata sarƙar, ya ja da baya yana ƙare mata kallo. Shi ne shugaban 'yan wasan, gajere mai tumbi, gumi ya riga ya jiƙa masa wuyan riga tun ba a buɗe wa 'yan kallo ƙofa ba. Ya girgiza kai.

"Wannan farar rigar fa? Kamar mai zuwa biki."

"Ita nake zuwa coci da ita, ranka ya daɗe."

"Ai matsalar ke nan. Baiwa mutane suka biya kuɗi su gani." Ya jawo wani tsohon buhun sukari da aka yanka wa wuya da hannu. "Ɗora wannan a kai."

Ta ɗora. A gonar raken mahaifin Kanar Tiburcio aka haife ta. Da Kanar ya gaje ta ya kawo ta birnin Recife, ya ɗora mata tallar alewar kwakwa, kullum da yamma ta kai masa ciniki. Duka ta sha shi, yunwa ma ta san ta. Amma ba a taɓa sa mata sarƙa ba sai yau, ranar da za a 'yanta ta.

Lahadi ce da rana. Ƙungiyar masu yaƙi da bauta ta kama gidan wasan gaba ɗaya. Za a yi kiɗa, a yi jawabi, a yi wasan kwaikwayo, daga ƙarshe a miƙa wa Firmina da wasu tsofaffi biyu takardun 'yanci a gaban jama'a. Ƙungiya ce ta fanshe ta, ta haɗa da abin da ita ma ta daɗe tana tarawa. Kanar ya yi ragi a kan farashin, saboda haka shi ma za a ba shi furanni.

"Saurara da kyau," in ji Seu Anacleto. "In an kira sunanki ki fito ki durƙusa. A cire sarƙa, a ba ki takarda. Ki ɗaga kai ki dubi bene, inda Kanar yake zaune, ki ce, Allah ya saka wa ubangidana da alheri. Shi ke nan. Maimaita."

Ta maimaita.

"Da ƙarfi! Ba kya talla ne? In kin samu hawaye ma ki haɗa."

Ya tafi yana yi wa masu jan labule tsawa. Firmina ta nemi wurin da ba za ta tare wa kowa hanya ba, ta raɓe kusa da wata mata da ke zaune gaban madubi tana ƙona toshiyar kwalba a kan kyandir. Matar ta murza baƙin a tafin hannu ta fara shafawa a fuska, farar fatarta tana ɓacewa kaɗan-kaɗan. Dona Eulália ce, 'yar wasan da za ta fito a baiwa, wadda hotonta ke manne a bangon gadar birnin.

"Ki yi dariyarki, 'yar'uwa," in ji ta, tana kallon Firmina ta madubi. "Ni ma in na ga kaina dariya nake. Kin taɓa shiga gidan wasa?"

"Iyakata bakin ƙofa, da faranti a ka."

"To yau za ki ga an sayar mini da ɗa. Duk Lahadi sai an sayar da shi. Ke kina da 'ya'ya?"

"Ɗaya. Olimpia."

"Ta zo ta ga uwarta?"

"Tana gida."

"Wane gidan?"

"Gidan Kanar."

Hannun Dona Eulália ya tsaya a kan kumatunta. Firmina ba ta yi niyyar yin magana ba, amma da ta fara sai ta kasa dainawa. Ta je wurin lauyan ƙungiya tun watan jiya. Ya ce a doka Olimpia 'ya ce, ba baiwa ba, tun da bayan dokar 'yanta 'ya'yan da bayi suka haifa aka haife ta. Sai dai ta wuce shekara takwas, don haka Kanar yana da ikon riƙe ta ta yi masa aiki har ta kai ashirin da ɗaya. Da ba ta kai takwas ba, da ta bi uwarta. Ya ce a yi haƙuri, wataƙila baɗi.

"Shekarunta nawa?"

"Tara."

"Kin roƙi Kanar ɗin?"

"Har ƙasa. Ya ce yarinya tana cin abinci sau uku a gidansa, in ta bi ni alewa za ta ci?"

Dona Eulália ta ci gaba da shafa baƙinta har bayan kunne. Can ta ce, "Bari in faɗa miki abin da na sani game da mutanen da ke waje. In na gama sa su kuka, babu abin da ba za su bayar ba. Na ga mace ta cire zoben aurenta ta jefo dandamali. Amma kafin su kai bakin gada sun warke, gobe ma su aiko a mayar musu da zoben." Ta hure kyandir ɗin. "Ni dai ban ce ki yi komai ba."

Firmina ta kalli wasan ta gefen labule. Da fari abin dariya ya riƙa ba ta. Itatuwan kwakwa na kwali ne. Mai gadin bayi yana da gashin baki har kunne, bulalarsa kuwa ƙasa take duka, wanda ake dukan ya yi ta birgima. Bayin suna tsayawa gaban ubangidansu su yi ta zuba masa magana mai tsawo, shi kuma yana jira su gama, ko mari babu. Ta ce a ranta, wanda ya tsara wannan bai taɓa kwana a gonar rake ba.

Sai aka zo wurin ciniki. Wani fatake daga kudu, inda gonakin gahawa suke, ya duba haƙoran yaron, ya matsa masa damtse, ya kama hannunsa ya ja. Dona Eulália ta riƙe ɗaya hannun. Aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi dogon zance ba a nan. Wani irin sauti ta yi daga ciki, kamar wadda aka nausa a ciki, ta zauna daɓas a ƙasa.

Firmina ta dafa bango. Gidan ya yi tsit, sai jan majina ta ko'ina. Ta leƙa ta ɗaga kai ta dubi bene. Ga Kanar Tiburcio can da baƙar kwat, shi kaɗai, matarsa ba ta son irin wannan taro. Ya sa hankici yana share ido. Kuka yake na gaske, har kafaɗunsa suna rawa. A duk abin da ta gani ranar, wannan ya fi ba ta mamaki.

A ƙarshen wasan uwar ta mutu bayan ta yafe wa kowa, aka zuro wani mala'ika da igiya daga sama ya tsaya a kanta yana lilo. Aka yi ta tafi. Ba a bari hawaye ya bushe ba, shugaban ƙungiya ya fito ya fara kiran suna.

Tsofaffin biyu suka karɓi nasu, suka faɗi abin da aka koya musu. Aka kira Firmina.

Fitilun gaban dandamali suka kashe mata ido. Ta durƙusa. Aka zare sarƙar aka ɗaga ta sama, jama'a suka yi sowa. Shugaban ya miƙo takarda. Ta karɓa da hannu biyu, ta ninke ta, ta tura ta can cikin rigarta, ƙarƙashin buhun, ta danna da tafin hannu. Sai da ta tabbatar takardar ta zauna sannan ta ɗaga kai. A bene an riga an miƙa wa Kanar furanninsa, ya tashi tsaye yana sunkuyar da kai hagu da dama.

"Allah ya saka wa ubangidana da alheri," in ji Firmina.

Seu Anacleto ya ɗaga hannu zai ba masu kiɗa alama. Ita kuwa ba ta tashi ba.

"Saura 'yata," ta ce.

Muryar ba ta wuce layin gaba ba. Wani daga can sama, wurin ɗalibai, ya yi ihu, "Ɗaga murya, Inna! Ba ma ji!"

Ta ja numfashi, ta saki muryar da take kiran masu sayen alewa daga wannan bakin gada zuwa wancan.

"Na ce saura 'yata! Sunanta Olimpia, shekararta tara, tana gidansa. Ranka ya daɗe, ka ba ni ita in tafi da ita."

Ba wanda ya motsa. Shugaban ƙungiya ya dubi lauya, lauya ya dubi takalminsa. Firmina ta dafe takardar ta kan buhun. Ba ta san ko doka ta yarda a ƙwace abin da aka riga aka bayar ba.

Sai ta ji an dafa kafaɗarta. Dona Eulália ce, wadda ta mutu ɗazu, ta fito da tsummokaranta da baƙin fuskarta da gumi ya yi wa layi-layi. Ta durƙusa kusa da ita, ta ɗaga hannuwa biyu zuwa bene.

Ɗalibai ne suka fara buga ƙafa. "Olimpia! Olimpia!" Matan da ke ƙasa suka miƙe suna kaɗa hankici. Kowa ya juya wa dandamali baya yana kallon bene. Kanar yana tsaye da furanni a hannu, fuskarsa ta yi ja har wuya. Ya duba bayansa, ƙofar ta cika da mutane. Ya ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Jama'a," ya ce, ya gyara murya. "Kun riga ni ne kawai. Dama niyyata ke nan tun daga gida. Yarinya ta bi uwarta."

Gidan ya kusa tsagewa. Lauyan da ɗazu yake kallon takalmi, ba a san lokacin da ya haye bene da takarda da alƙalami da tawada ba. Kanar ya sa hannu ana yi masa tafi a ka.

A bayan labule Seu Anacleto ya tare ta, yana huci. "Ke! Wa ya ce ki... Da ya ƙi fa? Da kin rufe mini gida!" Ya tsaya ya saurari tafin da har yanzu bai lafa ba. Ya sassauta murya. "Ni kam, Lahadi mai zuwa za ki iya sake yi?"

"'Ya ɗaya gare ta, Anacleto," in ji Dona Eulália. Ta fizge takardar Olimpia daga hannun lauya, ta cire wa Firmina buhun. "Zo mu tafi. Yanzu, tun yana can ana shan hannu da shi."

Suka tari karusa a bakin titi. Dona Eulália tana goge baƙin fuskarta da gefen mayafi suna tsallaka gada, rabi ya fita rabi ya ƙi. Mai karusa ya yi ta waiwaye. Da suka isa gidan Kanar, Firmina ta nufi lungun da ke kaiwa ƙofar baya, Dona Eulália ta jawo ta suka hau matakalar gaba.

Dona Carlota, matar Kanar, ta karanta takardar a tsaye, ta sake karantawa, ta dubi matar da ke gabanta mai fuska biyu.

"Hannunsa ne," in ji ta. "Wani abu ya sha?"

"Tafi ya sha, uwargida."

Dona Carlota ta ninke takardar ta mayar. Ba ta dubi Firmina ba ko sau ɗaya. Ta juya ta ƙwala kira, "Olimpia!"

Yarinyar ta fito daga ciki da jikan Kanar saɓe a ƙugu, ƙaton jariri mai kumatu, yana tsotsar wuyan rigarta. Tun da aka haife shi ita ke rainonsa. Ta dubi uwarta a tsaye tsakiyar falo, inda ba ta taɓa ganinta ba, ta tsorata.

"Inna, me kika yi?"

"Ajiye shi. Tafiya za mu yi."

"Ina?"

"Ajiye shi dai."

"Bai yi barci ba tukuna."

Firmina ta sa hannu ta karɓi yaron. Ya riƙe rigar Olimpia gam, sai da ta zare yatsunsa a hankali. Ta miƙa shi ga kakarsa. Dona Carlota ta karɓe shi a karkace, kamar an ba ta tulu mai yoyo, shi kuwa ya tsandara ihu yana miƙo hannu.

Ba su ɗauki komai ba. Dona Eulália ta ce su hau ta rage musu hanya, Firmina ta yi godiya ta ce za su taka, akwai wata ƙawarta mai wankau a unguwar São José da ta yi mata alkawarin tabarma. Karusa ta wuce. Har suka kai ƙarshen layin ana jiyo kukan yaron ta taga. Olimpia tana tafe tana waiwaye, hawaye yana bin fuskarta.

"Inna, ba ya barci sai an shafa masa baya. A hankali, daga ƙasa zuwa sama. Ba wanda ya sani sai ni."

Firmina ta ƙara damƙe hannunta, suka karya kwana.

"Za su koya," in ji ta.