Filin da Iya Ta Bayar da Baki

Wata huɗu bayan rasuwar Iya, matar da unguwa ke kira Mai Furanni ta gane aurenta ya ƙare. Ba faɗa aka yi ba. Tana zuba wa mijinta shayi da safe sai ya ninke jarida ya ce, "Maman yara, ina ganin mun gaji."

Ta ce, "Mun gaji, Malam." Ta tura masa sukari, ta fita bayan gida ta ba shukokinta ruwa.

Shekara ashirin da takwas suna tare. Shi malamin lissafi ne da ya yi ritaya, mutum mai ƙa'ida, wanda ko takalmi ya cire sai ya daidaita kawunansu. Ita kuma tana renon furanni da ƙananan itatuwa a leda tana sayarwa. 'Ya'yansu biyu sun girma, kowa ya kama gabansa. Abin da ya riƙe su tare a shekarun baya shi ne Iya, mahaifiyar Malam, wadda ta yi shekara tara a kwance a ɗakin da tagarsa ke kallon filin baya. Shi ke ɗaga ta, ita ke yi mata wanka, hirarsu duk ta magani ce da awon jini. Da Iya ta tafi, suka dubi juna suka ga ba sauran abin cewa.

Rabuwar ba ita ce ta hana Mai Furanni sukuni ba. Gidan na Iya ne, yanzu ya zama na magada, wato Malam da yayarsa da kowa ke kira Yaya Babba, sai ƙannensu biyu da ke nesa, waɗanda suka bar wa Yaya wuƙa da nama. Yaya kuwa ta ce a sayar da komai a raba. Cikin wannan komai har da filin baya, inda Mai Furanni ta haƙa rijiya, ta kafa rumfar raga, ta jera ledojin shuka sahu-sahu har bango. Wata rana da yamma, Malam yana yanke wa Iya farce, tsohuwar ta nuna taga da haɓa ta ce, "Filin nan naki ne, 'yata. Na ba ki." Su uku ne a ɗakin, kuma ba wanda ya kawo zancen takarda.

Ƙanin Mai Furanni, mai gyaran firiji, shi ya fara kai ta wajen lauya. Ofis ne a can saman wani dogon bene, sanyi kamar cikin firijin da yake gyarawa, kujerun fata har mutum ya nutse. Lauyan matashi ne mai ƙamshi, waya biyu a gabansa. Bai bari ta kai ƙarshen magana ba.

"Yana dukanki?"

"A'a."

"Yana zaginki a gaban mutane?"

"Malam ko kaza bai taɓa zagi ba."

"Kada ki damu, za mu samo wani abu. Ba namijin da za a tona a rasa." Ya duba waya ya ajiye. "Ke filin kawai kike magana. Ni gidan gaba ɗaya nake hango miki. Kafin mu gama da su sai sun zo suna roƙonki."

Mai Furanni ta tuna Malam goye da uwarsa zuwa banɗaki, yana haki, yana ce mata saura kaɗan. Ta yi godiya, ta ce za ta yi shawara.

A matakala ƙanin ya ce, "Yaya, irin wannan ake nema, mai cizo."

"Ni ba kare na zo saye ba," in ji ta.

Sati biyu ta yi tana tambaya. Wani ya tura ta wajen lauyan da ya fitar da ɗansa daga hannun 'yan sanda, ta je ta tarar shi maganar gado ba hanyarsa ba ce, shi da kansa ya faɗa mata. Daga ƙarshe wata mai kantin magani da ke sayen furanni a wajenta ta ce akwai wata lauya a saman kantinta, aikinta ke nan, aure da gado. "Ba ta da saurin magana," in ji ta, "amma na ga mutane suna hawa da kuka suna saukowa suna gyara ɗankwali."

Mai Furanni ta nemi lauyar, ta sa mata rana. Da Malam ya ji, sai ya ce su je tare, tunda ba rigima suke yi ba, lauya ɗaya ta ishe su. Suka hau matakalar da ba ta ɗaukar mutum biyu a jere, shi a gaba, ita a baya.

Ɗaki ɗaya ne da fanka mai ƙara. Fayiloli ɗaure da zare sun cika kanta har rufi. Lauyar gajeriya ce, ta kai sittin, tabarau na rataye a wuyanta. Ta ba su ruwa, ta ɗauki fensir, ta bar su suka yi ta magana kusan awa guda. In ta yi tambaya, sai ta jira amsa har ƙarshe. Da suka zo kan filin baya ta ajiye fensirin.

"Malam, ka yi haƙuri, ba zan iya riƙe ku ku biyu ba."

"Ai ba faɗa muke ba, Barista."

"Na gani, kuma na ji daɗi. Amma kai magaji ne. Duk takun da aka ba ta a filin nan, daga rabonka ya fita. In na tsaya mata na cuce ka, in na tsaya maka na cuce ta. Ita ta fara nemana." Ta rubuta wani abu a guntuwar takarda ta miƙa masa. "Tsallaken titi, kusa da mai hoto, akwai wani dattijon lauya. Mun sha karawa da shi a kotu, ya kayar da ni na kayar da shi. Ba ya ƙarya."

Malam ya karanta takardar, ya ninke ta gida huɗu, ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Akwai waƙafi da ya ɓace a nan," ya sauka.

Lauyar ta yi dariya har tabarau na rawa a ƙirjinta. Sannan ta gyara zama.

"To, 'yar'uwa, mu yi gaskiya. Raba auren ba wuya, tunda kun yarda ku biyu. Filin ne aiki. Kyautar baki, mai bayarwa ta rasu, ba rubutu. Shaidarki ɗaya, kuma shi ne wanda zai yi asara in ya faɗi gaskiya. Ba zan ce miki za ki samu ba."

Duk da haka Mai Furanni ta ji wani irin sauƙi da ba ta ji ba a saman dogon bene. Ta ce, "In na kira, ke za ki ɗauka ko wani?"

"Ni ce. In ina kotu, zan kira ki kafin rana ta faɗi."

"In kin ga ba hanya fa?"

"Zan faɗa miki ranar da na gani, ba zan ja ki ba."

"Ba na so a ci mutuncin Malam."

"Ba da cin mutunci nake aiki ba."

Ta rubuta mata ladan aikin da abin da za ta yi a takarda ɗaya, ta ce ta tafi da ita gida, ta nuna wa wanda ta yarda da shi, kada ta sa hannu yau. Mai Furanni ta kira 'yarta ta karanta mata a waya. Kashegari ta dawo ta sa hannu.

Ranar Asabar sai ga lauyar a filin baya da takalmin roba. Ta zaga, ta leƙa rijiya, ta tambayi wanda ya haƙa ta da shekarar da aka haƙa. Ta daɗe tsaye a gaban 'yar ƙofar da ke fita lungu, ta ce wannan ƙofa ta yi musu rana, domin ana iya yanke filin ba tare da an taɓa gidan ba. Ta sa Mai Furanni ta nemo tsofaffin hotuna da sunayen maƙwabtan da suka san ta a wurin tun farko. Abu ɗaya ta hana ta.

"Kada ki tambayi Malam abin da zai faɗa. Kada ki tuna masa, kada ki roƙe shi. Yana da lauyansa."

Wannan ya fi komai yi mata wuya. Suna gida ɗaya har lokacin, shi a ɗakinsa, ita a nata. Ta kan ga ya dawo daga wajen lauyansa ya shige ɗakin Iya ya daɗe. Sau biyu maganar ta zo mata har baki ta haɗiye.

Lauyoyin biyu suka shirya zama kafin a je kotu, ko za a daidaita. A ofishin dattijon aka yi, da hantsi, kan dogon tebur. Yaya Babba ta zo da mayafinta a kafaɗa, ta amsa gaisuwar Mai Furanni da ƙyar. Lauyar ta jera hotuna, ta yi bayanin ƙofar lungu a hankali. Yaya ba ta kalli ko ɗaya ba.

"Wadda za ta bar gidan ce za ta tafi da ƙasar uwarmu? Iya ba ta taɓa faɗa mini ba. Ni ce babba."

"Ta faɗa, Yaya," in ji Malam. "Ina wurin."

Lauyansa ya dube shi, ya ce, "Malam, ka tuna abin da na gaya maka game da rabonka."

"Na tuna. Na kuma yi lissafin." Ya buɗe jakarsa ya fito da wani littafi mai baƙin bango, irin na 'yan makaranta. Mai Furanni ta san shi. A irinsa yake rubuta awon jinin Iya da lokacin magani kullum, har ya cika goma sha ɗaya. Ba ta taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ya nemo shafin, ya tura wa yayarsa. A ƙasan awon yamma, da ƙaramin rubutunsa, an sa: Iya ta ci abinci sosai. Ta ce filin baya ta ba Maman yara.

Yaya ta sa tabarau ta karanta. Ta juya shafi, ta sake juyawa. Kowane shafi akwai wankan Iya, akwai juya ta saboda gyambo, akwai ranar da ta ƙi cin abinci sai daga hannun surukarta. Can ta rufe littafin, ta riƙe shi a cinyarta.

"Zan tafi da wannan," ta ce.

Lauyar ta ce, "A bari mu ɗauki hoton shafin tukuna, Yaya." Ta ɗauka, Yaya ta tashi ta fita ba sallama.

A titi Mai Furanni ta tambaya ko sun ci nasara. Lauyar ta ce ba ta sani ba tukuna, littafin ya ƙara musu ƙarfi, amma in Yaya ta kafe sai kotu, kotu kuma tana iya cin shekara. Kwana goma sha biyu ba labari. A na sha uku Yaya Babba ta zo da kanta, ta ƙofar lungu, ta tarar da Mai Furanni tana cika leda da ƙasa. Ta tsaya ƙarƙashin lemon da Iya ta shuka.

"Na yi magana da yaran," ta ce, tana nufin ƙannenta. "Katangar da za ta raba, ke za ki gina. Wannan bishiyar kuma ba a sare ta."

"Ba za a sare ba, Yaya."

"Kin rame. Ki riƙa cin abinci." Ta tsinki lemo biyu ta tafi.

Raba auren bai ɗauki minti ashirin a gaban alƙali ba. Da suka fito, Malam ya ce ya kama ɗaki biyu kusa da ɗakin karatu na gari, kuma tuni iyaye sun fara kawo masa 'ya'yansu masu tsoron lissafi. Ya tambaye ta wace shuka ce ba ta mutuwa ko an manta da ita. Ta ce za ta aika masa, amma ko ita tana son ruwa sau ɗaya a sati. Ya ciro biro ya rubuta a tafin hannunsa.

Takardar filin ta ɗauki wata biyar, da awo da hatimi da komawa gobe. Duk ranar da aka ɗaga, lauyar kan kira ta faɗa mata dalili. Kafin takardar ta fito, Mai Furanni ta gina katangar, ta ɗora ɗaki ɗaya da kicin a jikinta, ƙaninta ya kawo mata tsohon firiji da ya ce ya fi sabo lafiya. Waɗanda suka sayi gidan ango da amarya ne, ba su san komai game da shuka ba. Ranar da suka tare amaryar ta leƙo ta saman katanga ta ce, "Mama, me zan sa a bakin ƙofa da ba zai ba ni kunya ba?" Mai Furanni ta wanke hannu, ta ce mata ta zagayo ta lungu ta zaɓa.