Littafin Dokta Feldkamp na Biyu

Yolanda Pruitt ta ƙirga takardun sau biyu a tsaye gaban teburin Tasha sakatariya, tana lasar yatsa. Shafi goma sha ɗaya. Wata goma sha huɗu tana zuwa ofishin nan duk Talata tana zazzage wa Dokta Feldkamp, likitar damuwa, abin da ke cikinta, a ce iyakar abin da ya taru ke nan?

"Tasha, ina sauran?"

"Shi ke nan duka, Madam Pruitt. Kin cike fom, mun ba ki fayil ɗinki tun kwana talatin ba su cika ba. Sa mini hannu a nan."

"Ba na sa hannu a kan rabin kaya, 'yar nan. Shekara goma sha tara ina tuƙa bas a birnin Cleveland, na san fasinjan da ya ɓoye wani abu a cikin riga."

Jibi Alhamis za su shiga kotu. Curtis, tsohon mijinta, yana neman a karɓe 'yarsu Imani a ba shi, kuma lauyansa ya fara shinshinar takardun lafiyarta. Shi ya sa lauyarta ta ce ta karɓo fayil ɗin, su san abin da ke ciki kafin wani ya sani. Yolanda ta duba takardun: kwanan wata, rashin barci, fargaba, tana samun sauƙi. Babu ko kalma ɗaya a kan abin da ta faɗa ranar sha takwas ga Fabrairu, cewa wata safiya ta ajiye Imani a makaranta, ta kama hanyar yamma, ta yi awa uku tana tafiya da niyyar ba za ta dawo ba, kafin ta juyo. Maimakon ta ji sanyi, sai gabanta ya faɗi. Ruwa ba ya tsami banza. Da idonta ta sha ganin likitar tana rubutu a wani littafi mai bango rawaya.

Ƙofa ta buɗe, Dokta Feldkamp ta leƙo da tabarau a goshi. Dattijuwa ce mai magana a hankali, kuma wannan sanyin nata ne yau yake ba Yolanda haushi.

"Shigo, Yolanda. Har ciki nake jin muryarki."

Yolanda ta shiga, amma ba ta zauna ba. "Dokta, ina littafin nan mai bango rawaya? Wa kika ba?"

"Yana cikin durowa, a kulle. Fayil naki ne, doka ta ba ki. Wancan kuwa rubutuna ne na tunatar da kaina, a ware yake, kuma doka ba ta tilasta mini in miƙa miki shi ba."

"Oho. Ni na yi maganar, ke kika mallake ta."

"In kina son kwafi zan iya yi miki. Amma ki tambayi lauyarki tukuna. Takardar da ta shiga jakarki, ana iya tambayarki ita bayan kin yi rantsuwa."

Yolanda ta ƙura mata ido. Gargaɗi ne ko dabara? Mai gaskiya da maƙaryaci duk haka za su faɗa.

"To a nan zan karanta. Yanzu."

Likitar ta ɗauko makulli, ta buɗe durowa, ta miƙa mata ba tare da gardama ba. Saurin ma sai ya ƙara mata zargi. Ta duba gindin shafukan ko an yage wani, ba a yage ba. Ta kai ranar sha takwas ga Fabrairu. Layi ɗaya ne: "Ta zo a gajiye. Ta yi kuka. Tana son 'yarta." Ƙasan shafin fari fat.

"Ina maganar da na faɗa miki?"

"Na ajiye biro ranar. Kina kuka, ba ki lura ba."

"To tana ina?"

"Tana wurina, a cikin kaina."

"Idan alƙali ya kira ki fa?"

"Zan ce sirrin mai jinya ne, lauyarki ta tsaya a kan haka. Galibi ana yarda."

"Galibi," in ji Yolanda.

Ta rufe littafin ta ajiye. Tsoro ya kama ta fiye da wanda ta shigo da shi. Takarda dai ana ƙirga ta, ana duba ta, a san iyakarta. Wannan kuwa babu fom ɗin da za ta cike a nuna mata.

A waje ta sa wa Tasha hannu. Tun daga gida ta ƙudura cewa yau za ta soke zamanta da likitar, ba ta ƙara takowa nan.

"In cire sunanki daga ranar Talata?" Tasha ta tambaya, don ta ji ƙishin-ƙishin.

Yolanda ta waiwaya ta dubi ƙofar da aka rufe. Har yanzu ba ta yarda da matar ba, ko kaɗan. Amma ba za ta bar wadda ke riƙe a cikin kanta da sirrin da zai iya raba ta da Imani ta yi mata nisa ba.

"Bar shi," ta ce. "Ƙarfe huɗu, kamar kullum."