Waliyyin Da 'Yan Uwansa Suka Kulle

Khairiyya Hambali likitar gashin ƙashi ce, 'yar Zariya, shekararta huɗu a Doha. Duk Talata takan je wani gida a unguwar Old Airport ta duba wani dattijo, Caetano, Kirista ɗan Goa ta ƙasar Indiya. Ziyara ya zo wurin ɗansa Savio, ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu.

Malamin tarihi ne da ya yi ritaya, amma labari ɗaya yake ba ta kullum: na wani waliyyin Katolika, babban malamin addini, da ya rayu a Italiya shekaru kusan ɗari takwas da suka wuce. Ɗan manya ne, ya ce shi cikin talakawan masu wa'azi zai shiga. 'Yan uwansa suka tare shi a hanya, suka kulle shi a gidansu na gado kusan shekara.

Da farko ta ɗauka hirar tsufa ce. Sai ta lura duk sanda ya zo kan kullen yakan matse mata hannu, ya saci kallon Savio, wanda ba ya taɓa barin ɗakin. Ta lura kuma sakatar ƙofar ta waje take. Babu waya kusa da gadon. Ƙugu ya warke tun watan jiya, amma ba a maganar komawa gida.

Wata Talata ta ce wa Savio ya samo mata ƙanƙara. Yana fita ta sunkuya.

"Baba, labarin waliyyin kake ba ni, ko naka?"

"Fasfona yana hannunsa," in ji dattijon a hankali. "Gida nake so, 'yata."

Da za ta tafi, Savio ya raka ta bakin ƙofa. Da alama ya ji.

"Dakta, mantuwa ta kama shi. Sau biyu yana ficewa, a bakin titi muka tsince shi. Cewa yake mahaifiyata na jiransa, ita kuwa ta rasu."

Khairiyya ta ce ta bar jakarta, ta koma ciki. Ta tambayi dattijon ina matarsa.

"Shekara biyu da rasuwarta. Kabarinta nake son gani."

Ta rasa wanda za ta gaskata. Ta rubuta takarda a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, a gan shi shi kaɗai. Savio ya karɓa bai dube ta ba.

Ranar Litinin saƙonsa ya shigo: khalas, wato shi ke nan, Baba ya ji sauƙi, kada ta wahalar da kanta gobe. Ta karanta sau biyu, sannan ta miƙe ta nufi ofishin shugabarta ta wurin aiki don kai rahoto, da kwafin takardar a hannu.